Haƙoran Kan Sarkin Iya Sitaci

"Ina haƙoransa?"

Tambayar da mutumin ya fara yi mini ke nan, ko sallamata bai gama amsawa ba. Ya ɗaga kan sarkin da wani ɗan hantsaki ya kai shi wajen hasken taga, ya duba gabansa ya duba bayansa, sannan ya kalle ni ta saman tabarau.

Na ce, "Haƙoran wa?"

"Na kan sarkin nan. 'Yan tsage-tsagen da ke kewaye da gefensa. Wa ya aske su?"

"Au, waɗannan? Ni ce. Na ga gefen duk ya yi zaƙo-zaƙo ne, shi ne na daidaita shi."

Ya ajiye hantsakin a hankali. "Da me?"

"Da almakashi mana. Ni tela ce."

"Na ga alama," in ji shi. "Yanka ya yi kyau, ko kaɗan bai karkace ba. Kin dai kashe shi."

Shagon ɗan tsukuku ne a jikin tsohon gidan waya, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a kaikaice. Tsofaffin kwabbai a cikin kwalabe, agogunan bango da kowanne ya tsaya a lokacin da ya ga dama, littattafai har rufi, ga warin tsohuwar takarda. Duk unguwar Mai Tarkace ake ce masa, amma a bayan idonsa. A gabansa Malam ne.

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani gwangwanin biskit ya buɗe mini. Cike yake maƙil da irin wanda na kawo, jajaye, kowanne da hoton ɗan tsuntsu a kan reshe. Ya tura hannu ya ɗebo ya zubar da su a ciki.

"Duba nan, baiwar Allah. Shekara goma sha biyu aka yi ana buga wannan. Duk wanda ya taɓa aika wasiƙa a zamanin ya lashi bayansa. Kowane mako sai wani ya shigo mini da shi a naɗe cikin auduga, ya ce na kakansa ne, a ba shi kuɗin gida. Mai tsada shi ne wanda aka buga kaɗan, ko aka yi kuskure wajen bugawa, ko wanda ba a taɓa mannawa ba. Naki an buga shi ba adadi, an yi amfani da shi, hatimi ya ɓata masa fuska. Ko da haƙoransa ba zai saya miki ashana ba, balle yanzu da kika yi masa aski."

Raina ya ɓaci, domin ni ba a yi mini faɗa a kan aikin almakashi. Na ce, "Malam, ka gama? Ni ban zo sayarwa ba."

"To me ya kawo ki?"

"So nake ka gaya mini shekarar da aka manna shi."

Can ya rufe gwangwanin, ya kwashe littattafan da ke kan wata kujera ya turo mini ita da ƙafa. Na zauna na ba shi labarin tun daga farko.

Iya Sitaci maƙwabciyata ce shekara goma sha ɗaya, bango ɗaya ya raba ɗakinta da nawa a gidan hayar da muke. Kusan shekara talatin ta yi tana wanki da guga a babban asibiti, kayan ma'aikatan jinya da zannuwan gado. A can ta samo sunan, don ko ɗankwalin da za ta ɗaura ta je bakin famfo sai ta sa masa sitaci ya tsaya ƙiƙam. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba su samu haihuwa ba. Ita ke goge mini kayan da na ɗinka, ni kuma ina yi mata 'yan gyare-gyare, kuma kusan kullum sai mun yi faɗa a kan igiyar shanya. Ta ce ban iya shanya ba, ina jefa kaya kamar mai korar kaji. Ni kuma in ce ta tsufa da mita. In rana ta yi sanyi mu zauna mu sha shayi kamar ba mu ba.

Tun farkon shekara ƙirjinta ya fara damunta. Numfashi ya dinga yi mata wuya, ta daina iya ɗaga dutsen guga. Sau biyu ana kwantar da ita a asibitin da ta yi wa bauta. A karo na biyu likita ya kira ni gefe ya ce in mayar da ita gida, a ba ta duk abin da ranta yake so. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Na jawo keken ɗinkina na kafa a bakin ƙofarta, ina aiki ina jin numfashinta. Wata safiya na zo sauya mata rigar matashi, sai hannuna ya taɓa wani abu a ƙarƙashi, tsohuwar ambulan a cikin leda. Kafin in ɗago ta, Iya ta cafke mini wuyan hannu. Matar da ba ta iya riƙe kofi, wallahi sai da yatsunta suka yi mini shaida.

"Sake ta, Tela."

"Iya, rigar matashi zan sauya."

"Na ce ki sake."

Na sake. Wunin nan ba ta kula ni ba. Sai bayan la'asar ta kira ni, ta zaro takardar da kanta ta miƙo mini, ambulan ɗin kuwa tana riƙe da ita a ƙirji.

"Karanta mini. Na haddace ta, amma ina so in ji a bakin wani."

Layi huɗu ne kacal, tawadar ta koɗe: "Ki zo gida. Ina jiranki. Kada ki tsaya sai ƙarshen wata. Ni ce yayarki." Babu kwanan wata, babu komai.

Su biyu mahaifiyarsu ta haifa, ita da Yaya. Iya ta taho birni aiki, Yaya ta zauna a garinsu da tsohuwa. Da tsohuwa ta kwanta ciwo, Yaya ta je wajen mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan wayar garinsu, tunda ita ma ba ta yi karatu ba. Mutumin gajeren rubutu yake yi, kuma bai taɓa sa kwanan wata ba. Wasiƙa biyu suka iso, duk magana ɗaya, ta zo gida. Lokacin Iya sabuwa ce a wurin aiki, shugabar ɗakin wanki kuwa ta riga ta faɗa musu duk wadda ta tafi kada ta dawo. Sai Iya ta ce bari wata ya ƙare. Ya ƙare, ta ce bari na gaba ya ƙare. Ranar da ta isa garinsu, tsohuwa ta kwana biyu a ƙasa.

"A bakin ƙofa Yaya ta tare ni, Tela. Ko jakata ban sauke ba. Ta ce, 'Koma wajen gugarki. Ni ba ni da ƙanwa.' A gaban mutane ta faɗa. Ni ma lokacin da zuciyata, na juya, ko waiwaye ban yi ba."

Ba su sake haɗuwa ba. Bayan shekara uku Yaya ta rasu, sai da aka yi watanni kafin wani ɗan garinsu ya kawo wa Iya labari.

Wannan wasiƙar kuwa sai a shekarar da Iya za ta bar aiki ta fito. An zo gyaran ɗakin wanki, aka janye wani babban kabad da ake ɗora wasiƙun ma'aikata a kansa, sai ga ta a baya, tsakanin katako da bango, da sunanta a jiki. Shekara ashirin da biyar tana wurin. Tururin ɗakin ya jiƙa hatimin gidan waya ya dame shi, ya koma baƙin tabo kawai.

"Kin ga inda abin yake?" in ji Iya, tana magana tana hutawa. "In tsohuwa na da rai aka rubuta ta, to kira na uku ne da ban amsa ba, an ƙara mini laifi a kan laifi. In kuwa bayan faɗan ne, to Yaya ta janye maganarta, ta sake kirana ƙanwa. Shekara goma sha huɗu ina juya abin nan. Yau in tashi a kan ta yafe mini, gobe in tashi a kan ba ta yafe ba. Na gaji, Tela. Ba na so in tafi ban sani ba."

Ni da shegen karambanina na ce ai akwai wani mutum a jikin gidan waya, an ce in ya kalli kan sarki sai ya faɗi tarihinsa. A ba ni in kai masa. Ta ce wasiƙar nan ba za ta fita ɗakin ba tana numfashi. Na yi lallashi, na yi mita, da ƙyar ta yarda a cire kan sarkin kaɗai. Ta riƙe ambulan ɗin, ni kuma na ɗauko ƙaramin almakashina na zura bakinsa na huda ta a jikin kan sarkin. Na ga gefen duk tsage-tsage, abin da idon tela ba ya so, sai na bi ta cikinsu na yanke shi sumul, kusurwa huɗu daidai. Har yaba kaina na yi.

Da na kai nan, Mai Tarkace ya cire tabaransa ya murza ido.

"Bugu biyu aka yi wa wannan kan sarkin," in ji shi. "Hoto ɗaya, launi ɗaya, takarda ɗaya. Da aka sauya injin da ke huda gefensu ne yawan haƙoran ya bambanta. Abin da ke raba tsohon bugu da sabo ke nan, ba wani. Shi kika yanke."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara talatin ina riƙe almakashi, ban taɓa ɓata wa kowa yadi ba, sai a kan ɗan abin da bai kai faɗin babban yatsa ba na yi ɓarnar da ba ta ɗinkuwa.

"Ina kika zubar da su?"

"Ban zubar ba. Ai ba su fita ba, suna manne a jikin ambulan."

Ya mayar da tabaran da sauri. "Duka gefe huɗun?"

"Duka. Na ce maka ta ciki na bi."

"To Allah ya taimake ki da kika iya yanka. Je ki kawo ambulan ɗin."

"Ba za ta bayar ba. Ko hannunta za a cire."

"To ni ba ni da abin da zan yi miki." Ya fara jera kwalabensa, ya ba ni baya. Na miƙe, har na kai ƙofa sai ya ce, "Wace shekara tsohuwar tasu ta rasu?"

"Ba ta san lambar shekara ba. Ta ce dai shekarar da ruwa ya cinye gadar jirgin ƙasa."

Hannunsa ya tsaya a kan kwalba. "Ina aiki a gidan wayar nan lokacin. Ni ke ware wasiƙu. Shekara guda muka yi ana tsallako mana da buhuna a kwalekwale kafin a buɗe sabuwar gada." Ya juyo. "Kika ce a bayan kabad aka same ta? A cikin asibitin?"

"Eh."

"To mu mun kai ta. Daga ƙofa ta ɓace." Ya faɗa kamar wani ya zarge shi. Sai ya ɗauko wani littafi mai kauri da gilashin ƙara girma da wani ɗan kati, ya zuba a jakar leda. "Da nisa?"

Ya ja ƙofar shagon ya sa kwaɗo, muka kama hanya da ƙafa, rana ta take. Ba ya sauri, gwiwa na damunsa. Muka wuce layin masu walda, muka ratsa ta bayan makarantar firamare. Ni dai akwai maganar da ke cina, da muka kusa gida na kasa riƙe ta.

"Malam, don Allah, in abin ya fito ba daidai ba, ka ce ba ka gane ba."

"Wanne ne daidai?"

"Sabon bugu mana. Matar nan kwananta ya ƙare, a bar ta ta tafi da farin ciki."

"Ni ba na ƙarya a kan kan sarki," in ji shi. "A kan farashi dai, wani lokaci."

Na ce a raina, yau na ɗauko wa kaina. Da na sani da ni kaɗai na dawo, in faɗi abin da na ga dama.

Na shiga na gyara wa Iya kwanciya, na jingina ta da matashi biyu, na ja mata mayafi. Da ta ji da baƙo sai ta ce in kawar da kwanon tofi, in miƙe zanen gado. Ɗakin kuwa tsaf yake kamar kullum, dutsen gugarta a kan kanta, kwanuka a kife, kayanta a ninke cikin akwati. Malam ya yi sallama daga waje, ya cire takalmi ya shigo ya durƙusa a gefen gado.

"Iya, sannu da jiki."

"Yauwa, Malam. An taso ka cikin rana. Yarinyar nan ba ta da ta-ido."

Yarinyar ni ce, mai jika biyu.

Ya ce, "Ba zan karɓi abarki ba. Riƙe ta da hannunki, ki ɗora ta a kan littafin nan kawai."

Ta dube shi, ta dube ni, sannan ta zaro ambulan ɗin daga leda ta ɗora, yatsunta biyu na danne da gefe. Ga tagar da na huda a kusurwa, ga jajayen haƙoran sun kewaye ta reras, ko ɗaya bai fita ba. Na ɗage labule haske ya shigo.

Katin nasa layi-layi ne, kowane layi da jerin baƙaƙen ɗigo da lamba a gefe, wani layin ɗigonsa sun fi na wani matsuwa. Ya kara shi a jikin haƙoran yana zamewa a hankali. Sai dai hannunsa rawa yake yi, ga gumi na sauko masa cikin tabarau. Ya gwada, ya goge fuska, ya sake gwadawa.

"Tafiyar nan ta taɓa ni," in ji shi. "Ke tela, zo. Kin saba ƙirga ɗinki. Ki zame katin nan har sai kowane ɗigo ya zauna a raminsa tsakanin haƙori da haƙori, daga farkon layi har ƙarshe. Inda ya zauna ki faɗa mini lambar."

"Wace lamba ake nema?"

"Wadda kika gani."

Tsohon nan ya san abin da yake yi. Bai taɓa gaya mini wanne ne sabo ba, don haka ko ina son yin maguɗi ban san ta ina zan yi ba. Na durƙusa na karɓi gilashin. Numfashin Iya na sauka a kan wuyana, yana fita da ɗan sauti. Na kara layin sha uku. Ɗigo na farko ya zauna, na biyu ya zauna, daga na biyar suka fara kaucewa kamar ɗinkin 'yar koyo, kafin ƙarshe sun hau kan haƙoran. Na zame zuwa na gaba. Wannan ya zauna daram, tun daga kusurwa har kusurwa. Na gwada gefen ƙasa, haka. Na gwada na tsaye, haka.

Na ce, "Sha huɗu."

Ya karɓi gilashin ya duba da kansa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce Iya ta ɗaga abarta, ya buɗe littafin ya bi wani shafi da yatsa har ya tsaya a wuri ɗaya.

"Iya, mai sha huɗu sabon bugu ne. Bai fito ba sai wata bakwai bayan an buɗe sabuwar gada. Ga shi a rubuce, kuma ni shaida ne, a gabana aka buɗe kwalinsa na farko. Kafin nan babu shi a duniya. Da tsoho ne da ba zan iya cewa komai ba, don mutum na iya ajiye tsohon kan sarki ya yi amfani da shi daga baya. Amma ba mai manna abin da ba a buga ba. Ranar da aka aiko wasiƙar nan, mahaifiyarku ta fi shekara ɗaya da rabi da rasuwa."

"Alhamdu lillahi!" Ban san lokacin da na faɗa ba. "Iya, kin ji? Bayan faɗan ne! Ta yafe miki, Iya, ta kira ki ƙanwa!" Hawaye na zubo mini ina dariya, har na kama hannunta ina girgizawa.

Hannun bai amsa ba. Idonta na kan ambulan ɗin, fuskarta ba ta motsa ba. Na ɗauka ba ta ji ba ne, na buɗe baki zan maimaita, sai ta yi magana, kuma ba da ni take ba.

"Malam, daga garinmu zuwa nan, kwana nawa wasiƙa take yi a lokacin?"

Ya tambayi sunan garin, ta faɗa. Ya ce, "Kwana huɗu. In ta daɗe, biyar."

"Huɗu." Ta lumshe ido. "To za ta ba ni mako guda. Daga nan ta fara zuba ido. Na san inda za ta zauna. Akwai wani dakali a ƙofar gidanmu, daga nan ana hango inda motoci ke tsayawa."

Na daina dariya, na saki hannunta.

"Ba ku san Yaya ba. Tun muna yara ba ta taɓa ba kowa haƙuri ba, ko tsohuwa. A ce ita ce ta tashi ta je gaban mai rubutu, ta buɗe baki ta ce ya rubuta ina jiranki. Kai!" Ta ja numfashi da ƙyar. "Daga lokacin zuwa rasuwarta kusan shekara ɗaya da rabi ne. Duk motar da ta tsaya sai ta miƙe."

Na ce, "Iya, ba laifinki ba ne. Wasiƙar ba ta iso hannunki ba."

Ta buɗe ido ta kalle ni. "Ita ta sani?"

Ta mayar da idonta kan ambulan ɗin.

"Ta tafi tana ganin na samu na ƙi. Kuma a gaban kabad ɗin nan teburin gugata yake, Tela. Taku uku. Shekara ashirin da biyar ina tsaye a wurin, tana bayansa."

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Malam ya tattara littafinsa da katinsa ba tare da ya yi motsi mai ƙarfi ba. Ya ciro kan sarkin daga aljihun gaban rigarsa, a cikin 'yar takarda, ya ajiye a gefen matashi. Iya ta yi masa godiya, ta sa masa albarka, ta ce in raka shi. A bakin ƙofar gida ya gyara zaman jakarsa ya tafi yana jan ƙafa.

Na yi da-na-sanin da ban taɓa yin irinsa ba. Ni na kawo shawarar, ni na kawo mutumin, da bakina na faɗi lambar. Duk tunanina amsa ɗaya ce mai ciwo, ban taɓa kawo wa raina cewa a can ƙarshen wasiƙar akwai wata mata a zaune tana jira ba. Washegari ina ba ta shayi da cokali na ce ta yafe mini.

"Me kika yi?"

"Na tono miki abin da ya kwanta."

"Bai taɓa kwanciya ba." Ta kawar da cokalin. "Shekara goma sha huɗu kaina nake ji wa, an yafe mini ko ba a yafe ba. Ban taɓa tuna zamanta ba. Ke dai ki rage sukari, kin cika hannu."

Daga nan maganarta ta ragu. Takan yi barci ta farka ta tambaye ni ƙarfe nawa, in faɗa, ta gyaɗa kai. Matan gidan suka dinga shigowa dubiya, ta amsa musu da ido.

A rana ta uku da hantsi ta kira ni da murya garau, irin wadda na yi makonni ban ji ba. Ta ce in kawo ruwa in wanke mata fuska. Na wanke. Ta ce in buɗe akwati in ɗauko zanenta mai ruwan toka da ke can ƙasa, in ɗaura mata a kan na jikinta. Na ɗaura, tana gyara mini inda na karkace.

"Ɗauko mini takalmina na fita. Suna ƙarƙashin gado."

Na jawo su. Baƙaƙe ne na fata, masu ɗan tudu, an naɗe su a jarida. Na goge su da gefen zanena na durƙusa zan sa mata, amma ƙafafun sun kumbura, ko yatsu ba su shiga ba. Na gwada ɗaya, na gwada ɗayan.

"Bar shi," in ji ta. "Ajiye su nan ƙasa. A'a, ba haka ba. Juya su su kalli ƙofa."

"Iya, ina za ki?"

"Ke dai juya su. Na bar mutum yana jira."

Na juya su. Ta leƙo ta gani, ta koma ta kwanta, ta ce in je in yi aikina. Na koma kan keke a bakin ƙofa, ina da rigar wata mata da na yi alkawarin bayarwa ranar. Na ɗinka hannu ɗaya, na tsaya na saurara, numfashinta na nan. Na ɗinka ɗayan. Da na ɗaga ƙafa zan yanke zare, ɗakin shiru. Ko azahar ba a kira ba.

Allah ya jiƙan Iya. Kafin wani lokaci ɗakin ya cika da mata, masu kuka da masu ba da umarni, ana shiga ana fita da bokitai. Ɗakin ƙarami ne, takalman kuma a tsakiyar hanya suke, amma duk wadda ta zo wurin sai ta ɗage zane ta tsallake. Ban ce wa kowa komai ba, kuma ba wadda ta kawar da su.

Da yamma, bayan an kai ta an dawo mutane sun watse, na shiga in rufe taga. An kwashe shimfiɗa, gadon ya rage katifa kawai. Rana ta sauko ta shigo ta ƙofa ta kwanta a kan siminti har zuwa gindin gado, inda takalman suke a jere, bakinsu na kallon waje.